Ranar da Majalisa Ta Ƙi Taya Baba

Wadda ta rubuto min cewa na cika kare Babana, ki matso kusa, yau ranarki ce. Zan faɗi abin da ya ja mana a majalisar dokokin jiha ba tare da na rufa masa komai ba, kuma in na gama ina da tabbacin ke ma sai kin ji kina son tsohon nan. Sababbin zuwa kuma sannunku, ku samu wuri. A gida Lauya ake ce min, ba don na taɓa leƙa kotu ba, sai don tun ina ƙarama ba a ja da ni in yi shiru. Babana takalma yake sayarwa a babbar kasuwa, shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu shaguna. Wanda nake so kuwa Dogo ake ce masa, sakataren ƙungiyar masu kai kaya a babur, irin waɗanda za ki yi oda a waya su kawo miki har ƙofar gida da akwati a bayansu. Baba bai taɓa kiransa Dogo ba. Mai hular kwano yake ce masa, ko da kuwa bawan Allah ya zo gaisuwa da kai a buɗe, an yi masa sabon aski.

Ga tushen rigimar. Babura sun yi yawa a bakin kasuwa. Kowa ya zo ɗaukar kaya sai ya kafe nasa a ƙofar shagon mutane, mace ba ta isa ta shiga ta duba takalmi ba sai ta tattare zani ta bi ta gefen salansa mai zafi. Masu shaguna kullum suna mita. Amma kuma su ɗin dai su ne ba sa iya wuni ba tare da babur ba. Ni nake ɗora hotunan takalman Baba a waya, a yi oda, Dogo ya zo ya ɗauka. A haka muka saba, yana jingine da ƙofa yana jira in gama naɗe kwali, ni kuma ina ta ƙara salatif inda ba ya bukatar salatif.

Da majalisa ta fara shirin sabuwar dokar kasuwanni, sai kwamitinta ya gayyaci duk ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kowa ya zo ranar Laraba ya faɗi abin da yake so a saka. A makon ne kuma Baba, bayan dogon jan rai, ya buɗe baki ya ce, "A gama da majalisa tukuna. Ranar Asabar mai hular kwano ya turo manyansa." Babban nasa kuwa mutum ɗaya ne, Kawunsa da ya riƙe shi tun yana ƙarami, wanda shi ne ya kafa ƙungiyar masu baburan da kansa. In Kawu bai taka gidanmu ba, babu maganar aure. Ku riƙe wannan.

Umma tun da ta ji Asabar ba ta sake zama ba. Ta sauke labulayen falo ta sa sababbi masu ruwan toka, ta sa an wanke kafet, ta fito da kofunan da ko Baba bai isa ya sha shayi a cikinsu ba. Ranar Talata da la'asar tana kan kujera tana goge fankar sama sai ga Baba ya shigo da Ma'ajin ƙungiya, wani gajeren mutum mai sayar da kwanuka, wanda aikinsa a duniya shi ne gyaɗa kai in Baba ya yi magana.

"Lauya, ɗauko wayarki. Ke za ki karanta mana gobe."

"Ni kuma, Baba?"

"Da wa? Ma'aji in ya ga makirufo muryarsa komawa take ta ɗan akuya."

Ma'aji ya gyaɗa kai. Na zauna a hannun kujera na buɗe waya.

"Rubuta. Mu masu shaguna muna roƙon a hana babur shiga kasuwa, da duk titunan da suka kewaye ta, kwata-kwata, dare da rana."

Yatsana ya tsaya a kan gilashi. "Baba, kwata-kwata fa ka ce."

"Na ji bakina."

"To su wa za su kai mana kaya?"

Ya dube ni irin kallon da yake wa wanda ya saka takalmin dama a ƙafar hagu. "Ke yau kika fara zaman shago? Abin da muke so fili ne. Filin nan na bayan kasuwa da ake zubar da kwali, a gyara musu su riƙa ajiye baburansu, ƙofofinmu su huta. Amma in kika ce fili, rabin fili za a ba ki, ko a ce za a duba. Sai ki ce a kore su. Su ce haba, abin bai kai nan ba, a dai hana su da rana. Ki ce albarka. Su ce to a hana su ranakun cunkoso. Ki ce albarka. Can sai wani mai hankali a cikinsu ya ce, me zai hana a ba su wuri a baya? Sai ki ɓata fuska kamar an cuce ki, ki sallama."

"Haka ne, Shugaba," in ji Ma'aji.

"Gwamnati ma mai saye ce, Lauya. Ban taɓa ganin mai sayen da bai taya ba."

Gaskiya a lokacin maganar ta shige ni. A gabana na sha ganin Baba ya faɗi kuɗin takalmi, mutum ya riƙe baki ya fita har bakin titi, a kira shi ya dawo, a rabu kowa yana ganin shi ya ci riba. Da wannan dabarar ya gina gidan da muke ciki. Wa ni in ce masa ba haka ba?

"Abu ɗaya," ya ɗaga yatsa. "Kada mai hular kwano ya ji."

"Baba!"

"Yaron nan fuskarsa gilashin kanti ce, komai na ciki ana gani. In ya san wasa ne zai zauna yana murmushi, a gane mu. So nake su ga tashin hankalinsa na gaske, su tausaya, su ba da filin har da rumfa. Taimakonsa nake yi, ke dai ki ja bakinki."

Umma daga kan kujera ta ce, "Ni dai Alhaji, duk abin da za ku yi, kada ku ɓata min Asabar. Labulen nan ba don majalisa na saye shi ba."

Bayan magariba ina ɗaki ina gugar kayan da zan sa, saƙon Dogo ya shigo.

"Lauyata, an ce ke za ki yi magana gobe. Me za ku ce a kanmu?"

"Sirrin ƙungiya ne."

"Ni da ke ma ai ƙungiya ce. Ni sakatare, ke shugaba."

"To shugaba ta ce ka je ka kwanta da wuri."

Sai ya turo hoton farar riga a rataye a ƙofa, an goge ta har tana ƙyalli, da wani hoton na Kawu yana gwada sabuwar hula a gaban madubin babur. A ƙasa ya rubuta, "Hular ta Asabar ce. Tun ɗazu yake tambaya ko ta karkace."

Jama'a, na rubuta masa gaskiya na goge, na sake rubutawa na goge. Har na danna saƙon murya na ce, "Dogo, ka ji, duk abin da ka ji gobe," sai na ji tarin Baba a tsakar gida na soke saƙon. Ina son Dogo, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma ban taɓa saɓa wa Baba a kan maganar shago ba, kuma na faɗa wa kaina wuni ɗaya ne kawai, da yamma duk za mu yi dariya. Na tura masa hoton zuciya na kife wayar. Saura kaɗan in ƙona mayafin.

Washegari na fito cikin doguwar riga shuɗiya mai duhu da mayafi ruwan madara, da takalmi mai ɗan tudu daga cikin sababbin da suka iso, don Baba ya ce ba za a ga 'yar mai takalma da silifas a majalisa ba. Shi kuma ya sha fararen kaya, ya fesa turaren da yake ɓoyewa a saman durowa. Ƙungiya ta yi hayar bas, duk hanya Ma'aji yana ba kowa umarni. "In gwamnati ta yi tayin farko kada wanda ya yi murna. Ku haɗe rai. Ku kalli Shugaba."

A ƙofar majalisa aka bincike jakunkunanmu, aka nuna mana wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firij. 'Yan kwamiti suna zaune a sama bayan dogon tebur, kowa da makirufo mai jar fitila da robar ruwa. A tsakiya shugabarsu take, wata dattijuwa siririya mai tabarau a kan karan hanci, da alama tun safe ba ta ga abin da ya burge ta ba. Masu babura suna gefen hagu, sun jera hulunan kwanonsu a ƙarƙashin kujeru. Dogo yana gaba cikin farar rigarsa, Kawu a bayansa ya harɗe hannu. Dogo ya ɗan ɗaga min gira. Na yi kamar ina neman abu a jaka.

Kowace ƙungiya 'yan mintuna aka ware mata, in lokaci ya cika wani ma'aikaci ya buga ƙararrawa, ko kana tsakiyar kalma. Masu gidan burodi suka yi kukan kuɗin wuta. Mata masu kanti suka ce masu karɓar haraji sun yi musu yawa, wannan ya fita wancan ya shigo, a haɗe musu shi wuri ɗaya. Masu sayar da magani suka nemi a hana tallar ƙwayoyi a rana. Kowa ya gama sai shugabar ta ce, "Mun ji, za mu duba."

Baba ya sunkuyo kunnena. "Kin ji ko? Jan aji take yi. Mai saye ce ta gaske."

Aka kira masu shaguna. Na miƙe, na danna makirufo fitilar ta kama.

A nan ne halina ya ci ni. Da na karanta abin nan a sanyaye kamar mai karanta takardar magani, da watakila an ce mana za a duba mun koma gida. Amma ni in na ji muryata tana fita a lasifika, wani abu ne yake hawa kaina. Na ajiye wayar ma gaba ɗaya. Na ba su labarin tsohuwar da salansa ta ƙona wa ƙafa a ƙofar shagonmu. Na kwatanta musu hayaƙi yana shiga cikin kaya, da hon da ba ya barin a ji kiran salla, da mai ciki tana neman hanya tsakanin tayoyi. Na ga wani ɗan kwamiti ya ajiye wayarsa yana kallona. Sai na ƙara wuta. Na rufe da cewa muna roƙon a hana babur shiga kasuwa da kewayenta, kwata-kwata, dare da rana. Ƙararrawa ta buga daidai da rufe bakina.

Sai a sannan na waiwaya hagu. Baba ya so a ga tashin hankalin Dogo, to an gani. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Kallona kawai yake, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda aka mara a gidan da ya saba cin abinci. Kawu kuwa ko inda nake bai duba ba.

Shugabar ta zare tabarau ta ajiye. A karon farko tun safe ta yi murmushi.

"Madalla da wannan yarinya. Tun da muka zauna ba wanda ya zo mana da magana a fili sai ku. Mu ma koke-koken baburan nan sun ishe mu, kullum masu motoci da mazauna unguwa suna kawo mana. Abin da ya hana mu saka hani a dokar, tsoro muke kada 'yan kasuwa su ce mun kashe musu ciniki. Tunda ku da bakinku kuka nema, nauyi ya sauka." Ta juya ga 'yan uwanta. "Akwai mai ja?" Babu wanda ya yi motsi. "Magatakarda, a saka shi a daftari yadda suka faɗa."

Ma'aji ya fara tafi shi kaɗai, ya waiga ya ga fuskar Baba, ya mayar da hannayensa tsakanin cinyoyi.

Na zauna, ban ma san na zauna ba. Baba ya riƙo gefen mayafina.

"Lauya. Ba ta taya ba?"

"Ba ta taya ba, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ta saya, Baba. Yadda ka faɗa ta saya."

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba. Mutumin da in mai saye ya biya kuɗin farko ba tare da tayi ba sai ya bi shi da ragi don kada hakki ya kama shi, yau ga shi ya sayar da abincin mutane da nasa a zama ɗaya. Zufa ta keto masa a cikin wannan sanyin. Ya ɗaga hannu, ya miƙe rabi.

"Ranki ya daɗe, akwai ɗan gyara."

"Lokacin ƙungiyarku ya ƙare, Alhaji. Kuma kun yi amfani da shi sosai. Masu babura, bismillah."

Dogo ya tashi. Takardar da ya kwana biyu yana shiryawa tana hannunsa. Ni kuwa na san abin da ya dace ya yi. Ya dace ya tona mu. Ya faɗa musu sau nawa Baba yake kiransa a wuni, ya ce masu shaguna butulu ne, ya kare mutanensa. Da ya yi haka ba wanda zai ga laifinsa, kuma da ni da Asabar sai dai a labari. Na runtse ido ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Can na buɗe ido. Ba ni yake kallo ba, Baba yake kallo. Ya daɗe yana kallonsa, sai na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ranki ya daɗe, na daɗe ina tsayuwa a ƙofar shagon dattijon nan ina jiran kaya. Ban taɓa jin ya faɗi kuɗin gaskiya a karon farko ba. Ina roƙon a ba shi lokacinmu ya faɗi na ƙarshe."

Gefen hagu ya kaure da gunaguni. Wani ya ce, "Kai Dogo, ka haukace?" Wani ya ce, "Surukuta ce ta motsa!" Shugabar ta buga tebur.

"Saurayi, ka san in ka bayar ba ku da wani lokacin?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"In ya tashi ya ƙara nutsar da ku fa?"

"Ba zai yi ba. Baba, bismillah."

Ku da ba 'yan kasuwa ba ba za ku gane nauyin abin da aka ɗora wa Babana ba. Ko Umma ba ta san nawa yake saro takalmi ba. A wurinsa faɗin kuɗin ƙarshe a gaban jama'a daidai yake da fita titi ba riga. Ya tashi a hankali, ya danna makirufo ya kashe, ya sake dannawa ya kunna, ya share goshi da hannun rigar da Umma ta wahala wajen gugarta.

"Ranki ya daɗe, ba ma so a kore su." Ya yi gyaran murya. "Rabin takalmana a bayan yaran nan suke fita. Na Ma'aji ma haka. In kun kore su, mu kuka kora. Akwai fili a bayan kasuwa da ake zubar da kwali. Shi muke so a gyara musu, a yi musu rumfa saboda rana, a ja musu famfo, su bar mana ƙofofi. Iyakar abin ke nan, wallahi babu ragi babu ƙari."

Shugabar ta mayar da tabaranta. "To Alhaji, me ya hana ku faɗi haka tun farko?"

Baba ya sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta. "Na ɗauka za ki taya."

Ɗakin ya fashe da dariya, har mai buga ƙararrawa sai da ya dafa bango. Ni dariya da kuka suka haɗe min, na rufe fuska da mayafi. Amma shugabar ba ta daɗe tana dariya ba.

"Alhaji, nan abin da mutum ya faɗa shi muke rubutawa, kuma an rubuta. Ba zan goge shi don an ba ni dariya ba. Kwamiti zai sake zama ranar Litinin. Ƙungiyoyin nan biyu ku dawo, kowa ya faɗi abin da yake so da gaske. In kun gamsar da mu kan filin, to. In ba haka ba, maganar farko ta tsaya."

Muna fitowa rana ta dake mu, hayaniya ma ta dake mu. Masu babura sun yi wa Dogo zobe a wajen ajiye motoci, kowa yana nuna shi da yatsa. Sun ce ya sayar da bakinsu saboda mace. Sun ce sun zo da magana sun koma da ita a aljihunsa. Shi dai yana tsaye, farar rigar ta jiƙe a baya. Can na ji muryar Kawu, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya yi tsit.

"Gidan da aka tashi a gaban hukuma aka nemi a raba ni da abincina, ni ba zan taka shi ba. Ko wasa ne ko gaske."

Na tuna sabuwar hular da yake gwadawa a madubin babur, hawaye suka zubo min ba shiri.

Baba ya ji shi sarai. Ya miƙa wa Ma'aji wayarsa da makullan shago kamar mai shirin shiga ruwa, ya ce min, "Shiga bas ki zauna."

"Baba, kada ka je, ransu a ɓace yake."

"Ni na ɓata shi. Shiga."

Ta taga na kalli sauran. Ban ji ko kalma ɗaya ba, injin bas yana ta ruri, direba ya ƙi kashewa. Na ga Babana, shugaban masu shaguna, wanda ba ya tashi daga kujerarsa sai mai saye ya kai bakin titi, ya ratsa cikin matasan nan har gaban Kawu. Na ga ya miƙa hannu, Kawu ya bar hannun a iska. Baba bai janye ba. Yana magana yana dafa ƙirji, yana nuna majalisa, yana nuna kansa. Ya nuna Dogo ya faɗi wani abu mai tsawo, har Dogo ya sunkuyar da kai yana murza ido. Hannun nan dai yana miƙe. Ni da ke cikin bas sai da kafaɗata ta gaji. Daga ƙarshe Kawu ya kama shi, ba da fara'a ba, amma ya kama. Sai ya tambayi wani abu, Baba ya juyo ya nuna bas ɗinmu.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Dogo ne.

"Goge idonki ki gyara mayafi. Kawu na zuwa ya ga wadda ta kusa kashe mana sana'a."

Ban gama rubuta "ka yafe min" ba sai ga wani saƙon nasa ya shigo.

"Na yafe tun kina tsakiyar labarin mai ciki. Amma kin iya sharri, Lauya."

Na sauko da sauri har takalmin ya kusa kayar da ni, na rusuna na gaishe shi. Kawu dogo ne kamar ɗan nasa, fuskarsa duk rana ta dafa ta. Ya ƙare min kallo tun daga mayafi har tudun takalmi.

"Ke ce mai muryar?"

"Ni ce, Kawu. A yi haƙuri."

"Tsohuwar da salansa ta ƙona, da gaske ne?"

"Da gaske ne, Kawu."

"Mai cikin fa?"

Na kawar da kai. "Ita dai na ɗan ƙara mata wata biyu."

Wani abu ya gilma a fuskarsa, ya danne shi. "Ni da na kafa ƙungiyar nan, ina zaune ina jinki, sai da na ji na tsani babur. Ɗana kuma aka ba shi makirufo ya yi kyauta da shi." Ya waiwaya ya dubi Baba da ya iso yana haki. "Alhaji, zan zo ranar Asabar. Amma irin wannan bakin ba za mu bar wa masu shaguna shi ba. Ranar Litinin ita za ta tsaya ta yi magana da sunan masu babura, a gefenmu za ta zauna. In ta ciyo mana filin, ta wanke abin da ta ɓata. In kuwa ta ƙi tsaya mana, ranar Asabar in zo in sha shayi in tafi, ba zan buɗe baki in nemi komai ba."

Baba ya zaro ido. "To mu kuma wa zai yi mana magana?"

"Ga Ma'aji nan."

Ma'aji, da bai ji farkon zancen ba, ya gyaɗa kai.

Duk suka zuba min ido, Kawu da Baba da Dogo daga can nesa yana leƙe ta kan kafaɗun mutane. Ni da ba a taɓa ja da ni na yi shiru ba, sai ga ni ina roƙon a ba ni lokaci in yi tunani. Tun da aka haife ni ban taɓa zama a gefen da babu Babana ba.

Yanzu haka da nake rubuta muku ina ɗakina, ƙafata duk ta yi kanta saboda sabon takalmi. Kawu ya ce yana jiran amsa kafin Asabar. Baba bai ce min je ki ba, bai ce kada ki je ba. Tun da muka dawo yake falo shi da Ma'aji, ya naɗe jarida ya ba shi a matsayin makirufo, ina jiyo shi yana cewa, "Buɗe murya, Ma'aji! 'Yata ce za ta tsaya a wancan gefen, so kake ta cinye mu ɗanye?"